Hannun da Bai Kamata Ya Taɓa Ƙasa Ba

"Ashirin da biyar," in ji Dakta Nwabueze. Ya sake kara ma'aunin a jikin yatsan, ya ƙura masa ido kamar zai sauya magana. "Rubuta, Sista. Ashirin da biyar."

Rabi'atu ta rubuta. Ranar Litinin wannan manuniyar har digiri arba'in ta lanƙwasu. Yau Laraba ta koma baya, ga wuyan hannun ya kumbura ya yi sumul.

Mai hannun kuwa, Kyari, yana zaune a kan benci ya sunkuyar da kai, sai ka ce hannun maƙwabcinsa ake aunawa. Tun da ya shigo bai ɗaga ido ya dube ta ba. Ita ma ba ta dubi fuskarsa ba, hannun kawai take kallo, shi ma don aiki ya halatta mata. Duk asibitin babu wanda ya san shekara biyu ke nan wannan bawan Allah yana zuwa zance ƙofar gidansu.

Kwana goma sha shida da suka wuce ya shiga Kasuwar Sabon Gari sayen takarda. Shekarar nan kowa gini yake yi. Tun da aka yi rabon Udoji, ƙarin albashin nan na ma'aikata, wanda bai taɓa mallakar taga ba ma so yake ya sa ta gilas. Wani ɗan dako ya taho da gilasai a ka, mai babur ya gifta masa, kayan suka zame. Kyari ya ɗaga hannu ya kare fuskarsa. Gilas ya sauka a wuyan hannunsa na dama, ya datse jijiyoyi huɗu, waɗanda suke lanƙwasa yatsu.

Da hannun wani ne, da an ce Allah Ya kiyaye gaba, an wuce wurin. To wannan hannun Alaramma Kyari ne, ɗan Barebarin Fagge, wanda ba shi da gona, ba shi da rumfa a kasuwa, sai alƙalami da tawada. Alƙur'ani yake rubutawa da ka, irin rubutun Barno mai kauri, da shi yake ci da kansa da mahaifiyarsa. Da shi kuma ya samu shiga gidan su Rabi'atu. Mahaifinta, Malam Almu, tsohon magatakardan kotu kuma malamin fiƙihun unguwa, shafi ɗaya ya gani na rubutun ya ce, "Ranar da ka kawo mini izu sittin a gafaka, ka turo magabatanka."

Kyari ya rubuta hamsin da bakwai, sannan ya tafi sayo takardar sauran ukun.

"Ni abin nan ya ɗaure mini kai," Dakta ya ce, ya jefar da ma'aunin a kan tebur.

Dakta Nwabueze ɗan Sabon Gari ne, a nan aka yanke masa cibiya. Yaƙin basasa ya raba shi da garin, karatu ya kai shi Turai, bara ya dawo da gashin baki da wata dabara a kansa. A da, in an ɗinke jijiyar yatsa, dankara hannun ake yi cikin siminti a bar shi wata guda. In an buɗe sai a tarar jijiya ta haɗe amma ta manne da nama, yatsu sun sandare kamar itace. Shi kuwa makari yake ɗorawa a bayan hannun kaɗai, wuyan hannu a lanƙwashe ciki, ya liƙa ƙugiya a kan kowane farce, ya ɗaura mata siririyar roba. Majinyaci ya miƙe yatsa da kansa, roba ta dawo da shi. Jijiya tana motsi a hankali, ba ta mannewa, ba a kuma ja ta da ƙarfi ba. Sharaɗin ɗaya ne: kada a cire makarin, kada a buɗe tafin hannun, har sati shida.

Sababbin masana'antun Bompai kuwa ba su bar shi ya rasa hannuwan gwaji ba. Mutum goma sha tara ya yi wa aikin, kowane da shafinsa a babban littafin da Rabi'atu take riƙe da shi. In abin ya tabbata, zai rubuta ya aika wa manyan likitoci su gani.

"Duba littafin, Sista," ya ce. "Augustine mai injin niƙa ya warke. Boniface jiya da kansa ya ɗaura igiyar takalminsa. Amma mutanen Fagge da na cikin gari, biyar cikin bakwai sun koma baya, biyu jijiyar ta tsinke. Zare ɗaya na sa, hannuna ɗaya ne." Ya juya ga Kyari. "Malam, ka gaya mini tsakaninka da Allah. Kana zuwa wurin maɗori?"

"Wallahi ban je ba, likita."

"Ka ɗauki kaya? Ka yi rubutu?"

"Ko alƙalami ban taɓa ba."

Rabi'atu ta san gaskiya ya faɗa. Kyari ko da wasa ba ya rantsuwa a kan ƙarya.

Dakta ya yi ajiyar zuciya. "Jibi Juma'a ka dawo. In na ga kumburin nan bai sauka ba, zan cire robar in sa maka siminti. Gara yatsa sandararre da jijiya tsinkakkiya."

"In an sa simintin," Kyari ya tambaya a hankali, "hannun zai riƙe alƙalami?"

Dakta mutum ne mai tausayi, amma bai iya zagaye-zagaye ba.

"Zai riƙe cokali," ya ce.

Kyari ya yi godiya kamar an yi masa albishir, ya miƙe ya fita. Rabi'atu ta bi bayansa da ido. Juma'ar nan ta yi mata yawa. A ranar ne kuma, bayan an sauko daga masallaci, iyayen Abdulmuminu za su zo wurin mahaifinta neman aurenta. Abdulmuminu ma'aikacin gwamnati ne mai sabuwar Fijo, yana gina gida a Rijiyar Lemo, kuma abin haushin, ba shi da wani aibu da za ta nuna. Malam Almu ya riga ya gaya mata matsayinsa: ba zai yi mata dole ba, amma ba zai ba da ita ga wanda hannunsa ya mutu ba.

Da aka kira sallar azahar ta ɗauki kwando ta zaga bayan asibitin don ta kwashe bandejin da ta shanya. Tana shan kwana ta tsaya cak.

Kyari ne a gindin darbejiya, ya shimfiɗa buzunsa yana salla. Takalmansa na gefe. A kan takalman kuwa ga makarin nan an ajiye shi a tsanake, an naɗe bandejin an ɗora, robobin huɗu suna reto.

Tana kallo ya tafi sujada. Ya buɗe tafin hannun nan da aka ɗinke, ya shimfiɗa shi a ƙasa ɗai-ɗai, wuyan hannun ya karye baya, nauyin jikinsa ya sauka a kai. Ta ga kafaɗarsa ta yi rawa don zafi, amma bai ɗaga ba.

Kwandon ya suɓuce daga hannunta. Ta so ta yi ihu, to wa yake katse mai salla? Haka ta tsaya tana ƙirga sujadar nan da ido, kowace ɗaya tana jin ta a nata wuyan hannun, har ya yi sallama.

"Alaramma."

Ya waiwayo a firgice, ya ja hannun rigarsa ya rufe ciwon.

"Rabi. Ashe kina nan."

"Tun yaushe kake cire shi?"

Ya sunkuyar da kai. "Tun ranar da aka cire zaren fata."

"Sau biyar a rana?"

Ya kawar da kai gefe.

"Alaramma, sau biyar?"

"Da nafila," ya ce can ƙasa-ƙasa. "Na ƙara nafila tun da na ji maganar Juma'ar nan. Da hantsi ina yin raka'a goma sha biyu."

Ta zauna a kan tushen bishiyar, nesa da shi kaɗan. Hawaye suka ɓalle mata. Wato ita yake roƙo. Ita yake roƙon Allah Ya ba shi, kuma kowace sujada tana warware ɗinkin da zai kai shi gare ta.

"Likita ya tambaye ka, ka ce ba ka yi komai ba."

"Ya tambaye ni maɗori, ya tambaye ni kaya, ya tambaye ni rubutu. Bai tambaye ni salla ba. Ita salla ai ba aiki ba ce, Rabi."

"Ya ce kada a cire!"

"Na ɗauka yana nufin don barci da yawo. Wane ne zai ce wa Musulmi kada ya wanke hannunsa a alwala?"

"To ni yanzu na ce. Ka yi shafa a kan bandejin. Ka ɗauke hannun in za ka yi sujada."

Ya girgiza kai, ya yaye hannun rigar ya nuna mata daga inda yake. "Dubi nan. Fata ta haɗe. Babu jini, babu ruwa. Lokacin da ciwon yake ɗanye na yi shafa, na san wannan. Amma yanzu da wane uzuri zan tsaya gaban Ubangijina da rabin alwala? In kai goshi ƙasa in rataye hannu ɗaya a sama kamar mai jin ƙyamar ƙasar?"

"Fatar ce ta haɗe. Ta ciki ba ta haɗe ba. Jijiyar nan yanzu ta fi lokacin da aka ɗinke ta rauni, na gani a littafi, na gani a hannun mutane. Zare ne kawai yake riƙe da ita."

"Allah ne yake riƙe da ita."

"Na sani!" Muryarta ta karye. "Na sani, Alaramma. Amma don Allah ka tausaya mini. Kullum ni nake rubuta lambar yatsunka. Ranar da ta hau, har gida nake zuwa ina murmushi Gwaggo tana tambayata abin da aka ba ni. Yau da ta sauka ban san yadda na riƙe biron ba. Ban taɓa roƙonka komai ba. Ko turare ban taɓa cewa ka sayo mini ba."

Idanunsa suka kaɗa suka yi ja.

"Rabi, da hannun nan za ki ce in yanke in ba ki, wallahi da na miƙa. Amma wannan ba nawa ba ne da zan yi kyauta da shi. Ke karatun asibiti kika yi, ni hadda na yi, ban yi zurfi a littattafan hukunci ba. Likita kuma mutumin kirki ne, amma ba zai yi mini fatawa ba. In na bi son zuciyata na rage salla don in same ki, wace albarka za mu tarar a auren?"

Ta share hawaye da gefen mayafinta. Ta san shi sarai. Mutumin da zai yaga shafi guda don ɗigo ɗaya ya kauce, ba kuka ne zai juya shi ba.

"In malami ya gaya maka fa?"

"In malamin da na yarda da saninsa ya ce, na bi."

"Wa ka yarda da saninsa?"

Ya yi ɗan murmushi mai ciwo. "A Fagge? Kin san shi. Kuma kin san ba ni da fuskar zuwa zaurensa yanzu."

Ta sa shi ya mayar da makarin a gabanta, tana gaya masa inda kowace roba za ta shiga, ba tare da ta taɓa shi ba. Sannan ta koma ciki da sauri.

Da ta gaya wa Dakta abin da ta gani, sai ya dafe kai da hannu biyu ya zauna.

"Salla!" ya ce. "Ni da na tashi ina tsallake sahun masallata a bakin kasuwa! Wata shida ina zargin zarena, ina zargin maɗora." Ya jawo littafin yana buɗe shafuka da sauri, ya tsaya a kan sunayen mutum biyun da jijiyarsu ta tsinke. "Laifina ne. Ban tambaya ba. Sista, in ya daina daga yau, kumburin zai iya sauka kafin jibi. In ya ci gaba, ba na jin manuniyar nan za ta kai jibin ma."

Ta nemi izini ta tafi gida.

Bayan la'asar ta tarar da mahaifinta a tsakar gida a kan darduma, tabarau a hanci, littafi a cinya. Gwaggo, yayarsa, wadda ta rene ta tun rasuwar mahaifiyarta, tana gefe tana tsince shinkafar baƙin Juma'a tun yau, don ita ba ta son aikin gaggawa.

Rabi'atu ta durƙusa ta gaishe su.

"Baba, tambaya na zo da ita. Ta ilimi."

Malam Almu ya dube ta ta saman tabarau. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka bai taɓa kiran sunanta ba. "Ina jin ki, Uwata."

"Mutum ne aka ɗinke masa jijiya a wuyan hannu. Fata ta warke, ta ciki ba ta warke ba. Likita ya ce in ya cire ɗaurin ya wanke, ko ya dafa ƙasa da tafin, jijiyar za ta tsinke, hannun ya mutu. Yaya zai yi da alwala da sujada?"

Malam ko littafin bai duba ba. "Wannan ai a fili take. Ya shafa a kan ɗaurin. Ba sai ciwo yana jini ba, tsoron ƙaruwarsa ko jinkirin warkewarsa ya isa, in dai masani ne ya faɗa. Sujada kuwa goshi ne farilla. Ya riƙe hannunsa a ƙirji, sallarsa ta cika." Ya gyara tabarau. "Wanda ma ya san zai halaka gaɓarsa ya ci gaba, shi ne mai laifi. Ki gaya masa haka."

"Na gaya masa. Ya ce ba zai karɓa daga bakina ba."

"To ya tambayi malami."

"Ya ce malami ɗaya ya yarda da saninsa a Fagge."

Gwaggo ta ajiye farantin shinkafar.

"Au, Kyarin ne?" ta ce. "To ke ina ruwanki? Mutum da Ubangijinsa, ki bar shi ya yi sallarsa yadda ya ga dama. Almu, kada ka sa kanka. Jibi mutane za su zo, magana ta kusa ƙarewa."

"Gwaggo, hannunsa ne fa zai mutu."

"Da ma ya mutu! Ke kaɗai ce ba ki gani ba." Sai kuma muryar tsohuwar ta sauko. "Rabi'atu, ni na san abin da nake guje miki. Shekara tara ina jinyar mijina da shanyayyen hannu. Ni ce wanka, ni ce ɗaura masa wando, ni ce neman abin da za a ci. Ina son sa, ban ce ba na son sa ba. Amma akwai ranar da na shiga bayan ɗaki na yi kuka don kada ya ji. Ba na son ki san irin wannan kukan."

Rabi'atu ta rarrafa ta kama ƙafar Gwaggo, tana kuka ita ma. Ta san ba ƙiyayya ce take magana ba.

Sannan ta juyo ga mahaifinta.

"Baba, ban zo roƙon ka ba shi ni ba. Wallahi ban zo don wannan ba. In ka ce Abdulmuminu, zan yi ta kuka, amma ba zan kunyata ka ba. Abu ɗaya nake roƙo. Kai kaɗai ne za ka iya faɗar kalma biyu hannun nan ya tsira. In ka yi shiru, jibi ba sai ka wahala wajen zaɓi ba, hannun zai zaɓa maka. Ni dai ba na so a ce da shirunka aka raba mu."

"Ke!" Gwaggo ta daka mata tsawa. "Ubanki kike gaya wa haka?"

Malam Almu ya cire tabarau, ya ninke, ya sa a aljihu. Ya rufe littafin. Fuskarsa ba ta nuna fushi ba, ba ta nuna sassauci ba, irin fuskar nan da ya yi shekara talatin yana zama da ita a kotu. Ya dubi inuwar katanga da ta kusa cinye tsakar gidan.

"Saura nawa a kira magariba?" ya tambaya.

"Bai fi rabin awa ba, Baba."

"Miƙo mini takalmina."

"Almu!"

"Yaya, an tambaye ni hukunci, na kuma san amsa. Aure daban, wannan daban." Ya miƙe yana gyara babbar rigarsa. "Uwata, ɗauko mayafinki. Ban san gidan ba."

Layi uku ne tsakaninsu, amma Rabi'atu ji ta yi kamar Zariya za su. Yana gaba tana baya, masu shaguna suna ta miƙewa suna gaishe shi, suna mamakin inda Malam ya nufa a wannan lokaci ba masallacinsa ba.

A ƙofar gidan ta wuce ciki wurin Yakaka, mahaifiyar Kyari, tsohuwa mai raunin ido. Suka gaisa sama-sama, sannan su biyun suka raɓe a bayan ƙyauren zaure, babu wadda ta ji kunyar ɗaya. Ta tsagin ƙyauren Rabi'atu tana hango komai.

Kyari yana tsugune da buta a gabansa. Har ya fara warware bandejin da haƙori da hannun hagu. Da ya ga wanda ya yi sallama, ya zabura zai miƙe, butar ta kife.

"Zauna," in ji Malam Almu. "Mayar da wannan ɗaurin."

"Allah Ya gafarta Malam, ai fatar ta..."

"Na ji labarin fatar. Kai da ka haddace izu sittin, a ina ka ga an ce ka kashe hannunka? Wanda ya ba ka shi amana Ya ba ka. Kana tsammani ruwan da za ka zuba a kai ya fi masa hannun daraja?" Ya faɗi hukuncin kamar yadda ya faɗa a gida, ya kawo sunan littafi da babi. "In akwai laifi a wannan, na ɗauka a wuyana. Ka ji?"

"Na ji, Malam." Muryar Kyari tana rawa.

"Ba ka ji ba, sai ka gani."

Tsohon ya tattare babbar rigarsa, ya durƙusa a kan dandaɓen zauren, ba buzu ba darduma. Ya naɗe hannunsa na dama a ƙirji, ya dafa na hagu, ya kai goshinsa ƙasa a hankali, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya ɗago da ƙura a goshi.

"Haka za ka yi. Sati nawa likitan ya ce?"

"Saura huɗu, ba kaɗan."

Malam ya ɗauki butar, ya ga babu ruwa, ya miƙa ta ta bakin ƙyauren ba tare da ya waiwaya ba, kamar ya san akwai mai karɓa. Rabi'atu ta cika ta a randa ta miƙo.

"Da hannu ɗaya, wa yake wanke maka na hagun?"

"Da na daman nake yi, Malam. Inna ba ta gani sosai."

"Shi ya sa." Malam ya tsuguna a gabansa. "Miƙo."

"Malam, don Allah, ni ne ya kamata in..."

"Miƙo, lokaci yana tafiya."

Rabi'atu ta ga mahaifinta, wanda alƙalai suke tashi tsaye in ya shigo, yana zuba wa Kyari ruwa a tafi, shi kuma ya kurkure baki, ya wanke fuska. Malam ya kama hannun hagun ya wanke masa har gwiwa, sau uku, yana cuɗawa. Sannan ya jiƙa tafin Kyarin, ya ɗora masa a kan bandejin, ya ja shi a hankali daga yatsu zuwa sama, yana kaffa-kaffa da robobin. Kyari ya kawar da kai, hawaye suna sauka a kan rigarsa. Yakaka ta damƙe hannun Rabi'atu tana tambaya cikin raɗa, "Me ake yi? 'Yata, gaya mini, me ake yi?"

Aka kira salla. Malam ya ja sallar, shi da Kyari, a nan zauren. Da aka tafi sujada, Rabi'atu ta leƙa. Hannun yana ƙirji.

Da suka idar, Malam ya sa takalmi, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ba na yarda da kai," ya ce. "Irinku in an juya baya sai ku ce ai yau ɗaya ba komai. Daga gobe da asuba, kowace salla a zaurena za ka yi alwala. Ni zan zuba maka ruwan, har likita ya sallame ka. Sauran mutanen da aka yi wa irin aikinka kuma, ka ce wa likitan ya turo mini su."

A hanyar komawa, da suka shiga layinsu, Rabi'atu ta yi ta maza ta matso kusa.

"Baba, kowace salla ka ce."

"Haka na ce."

"Jibi fa Juma'a. Baƙin nan da la'asar za su zo, kuma a zauren za ka sauke su."

"Kada ki yi saurin murna, Uwata. Ban ce na ba shi ke ba. Sai na ga abin da hannun ya yi." Ya ci gaba da tafiya, bai waiwayo ba. "Amma in sun zo sun tarar ina wanke wa mutum hannu, sai su jira in gama."